Corolla Otomatik Tana Fizga Wajen Canza Giya: Sai An Sauke Giyar Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Marwa, ina da Corolla 2006 otomatik, 'yar Amurka ce da aka shigo da ita ta Kwatano, yanzu ta ci kilomita wajen 210,000. Wata biyu ke nan tana fizga idan za ta bar giya ta ɗaya ta shiga ta biyu, kamar an dake ta ta baya. Da safe da sauƙi, amma da rana ta take sai abin ya ƙaru. Wani lokaci in na sa D sai in ji ƙum. Wani bakanike ya ce a sauke giyar a sa wata, sefa 350,000. Wani kuma ya ce kada in kuskura in canza mata mai, mutuwa za ta yi. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kawo sauƙi. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna, domin daga bayaninka babu wanda ya binciki motar, kowa abin da ya saba faɗi ya faɗa. Na daɗe ina aikin giyar otomatik a nan Garwa, kuma motocin da ake kawo mini da kukan fizga, mafi yawansu suna barin gareji ba a sauke giyarsu ƙasa ba. Giyar da ta ƙare ba ta cika yin duka ba, sulɓi take yi: ka taka totur, inji ya yi ihu, mota ba ta tafiya. Wadda take kamawa da ƙarfi har ta dake ka tana da sauran rai a jikinta, sai dai wani abu yana sa ta kama ba bisa ƙa'ida ba. Wannan abin shi za a nemo, kuma daga mai araha ake farawa.

A cikin giyar, wadda mu nan muka fi kira bwat, babu hannun da ke tura sanda kamar a manuwal. Mai ne ke yin aikin. Akwai famfo a gabanta da inji ke juyawa, yana tura mai da ƙarfi cikin wani faranti mai ƙananan hanyoyi barkatai kamar gidan gara, shi ne balb-bodi. A jikinsa akwai solonoyid, 'yan makullai na lantarki da kwamfutar mota ke buɗewa tana rufewa. Idan lokacin canji ya yi, kwamfuta ta duba gudun mota da yadda ka taka totur, sai ta janye mai daga wani rukunin fayafayan kuloci ta tura shi ga wani. Sakin da kamun duka cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ake gama su. In kamun ya zo da ƙarfin da ya wuce kima, ko ya zo a makare bayan inji ya riga ya ɗaga, dukan da kake ji ke nan. Saboda haka ko dai man ne ya lalace, ko labarin da ke isa ga kwamfuta ba daidai ba ne, ko makullan ne ba sa bin umarni. Fayafayan su ne na ƙarshe da ake zargi.

Ka fara da man, kuma wannan da kanka za ka iya. Ka yi tafiya ta minti 15 zuwa 20 mota ta yi zafi, ka tsaya a wuri mai shafe, ka ja birkin hannu, kada ka kashe inji. Ƙafarka a kan birki, ka bi da sandar giya ta kowane matsayi kana ɗan dakatawa, ka dawo P. Sai ka zaro gejin man giya, ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun da aka rubuta HOT a wurinsu. Ana yawan kuskure a nan, a auna inji a kashe, a ga mai ya hau sama, a ce lafiya lau, alhali da an tayar da ita zai sauka. Honda ce ake aunawa a kashe, nan take bayan an kashe ta da zafinta. Sababbin motoci kuwa da yawa ba su da geji sam, ta wata ƙusa a ƙasa ake aunawa a wani zafi na musamman da kwamfuta ke nunawa, wannan ba aikin gida ba ne. In man ya yi ƙasa, famfo yana zuƙar iska, ƙarfin mai ya riƙa hawa yana sauka. In ya yi yawa, ƙarafan ciki su kaɗa shi ya yi kumfa, sakamakon ɗaya ne. In ka ga ya ragu, to zuba yake yi, domin giya ba ta ƙona mai kamar inji. A duba sil ɗin da shaf ke shiga, da tiyo biyun da ke tafiya lagireto, da bakin kwanon ƙasa.

Daga nan ka ɗiga man a kan farar takarda, ka fita da ita haske. Sabon mai ja ne garau kamar zoɓon da aka tace, kana hango takardar ta cikinsa. Wanda ya tsufa yana komawa kalar shayi mai kauri, amma ba ya wari. Wanda ya ƙone baƙi ne, in ka kai hanci sai ka ji ƙauri irin na ƙanzon da aka manta a wuta, in ka murza shi tsakanin yatsu kuma za ka ji ɗan tsaki-tsaki. Akwai kala ta huɗu da ba na son gani: man ya yi kauri ya yi fari-fari kamar an zuba madara cikin zoɓo. Ruwa ne ya shiga. Hanya biyu yake bi. Man giya yana ratsawa ta wani bututu da ke cikin lagireto don ya huce, kuma da yake mutanenmu ruwan rijiya suke ɗura wa lagireto shekara da shekaru, tsatsa takan huda bututun. Ko kuma da damina an kutsa cikin mayo, wato rafi, ruwa ya kai ciki, ya shiga ta 'yar kafar numfashi da ke saman giyar. In ka ga haka ka ajiye motar a ranar, domin ruwa yana ɓamɓare takardar da aka manna a jikin fayafayan kuloci.

Sai irin man. Ka duba jikin gejin, ana rubuta shi a wurin. Corolla irin taka T-IV take sha. Toyota da suka biyo baya yawancinsu WS ne, Honda tana da nata, Z1 da DW-1, Hyundai da Kia suna shan SP-III ko SP-IV, giyar CVT kuma, irin wadda ke cikin Corolla da yawa daga 2014 zuwa sama, man ta daban ne kwata-kwata, in aka zuba mata na otomatik an cuce ta. A wurin mai sayarwa a bakin hanya duka sunansu ɗaya, jan mai, wanda ake zuba wa sitiyari shi ake zuba wa giya. Kalar ce kawai ta haɗa su. Kowanne an haɗa shi da sinadarin da ke daidaita santsinsa da irin fayafayan da ke cikin giyar, in santsin bai dace ba, faifai ya kama farat ɗaya maimakon ya kama a hankali. Ka tuna baya, Alhaji: kafin fizgar ta fara, an yi maka ciko a wani wuri? An yi juye? In amsar e ce, to akwai yiwuwar mun kama ɓarawon tun yanzu. Kuma ka yi hattara da galan mai kyan rubutu, jabu ya cika kasuwa. Ka saya a wurin da za ka iya komawa ka yi magana in abu ya faru.

Maganar bakanike na biyu, cewa a bar kaza cikin gashinta, tana da asali, shi ya sa ta bazu. Mutanenmu ba sa tuna man giya sai ta fara ciwo. A canza mai, bayan sati biyu ta kwanta, sai a ce sabon mai ne ya kashe ta, alhali da ma tana kan hanya. Gaskiya ne a giyar da fayafayanta suka cinye, ƙurar da ke yawo cikin tsohon mai takan ɗan taimaka mata ta riƙe, in aka zuba sabo sai asirinta ya tonu. Gaskiya ne kuma wasu sun lalata giya da sunan wanki, su hura mata iska da kwamfiresa, ko su ɗura mata kalanzir, dattin da ke kwance ya tashi ya toshe balb-bodi. Amma wannan ba hujja ba ce ta barin mai ya shekara goma a ciki. Ga yadda nake yanke hukunci: in man kalar shayi ne, ba ƙauri, kuma mota ba ta sulɓi, a canza ba tare da fargaba ba. In baƙi ne mai ƙauri kuma tana sulɓi, sabon mai ba zai ceto ta ba, ka adana kuɗinka don babban aiki.

Yadda ake canzawar ma yana da muhimmanci. A kwance ƙusar ƙasa a tsiyaye, lita uku ko sama kaɗan za ta fito, cikin kusan lita bakwai da giyar ke riƙewa, ragowar yana cikin lagireto da kwanbata, wato dunƙulen ƙarfen da ke tsakanin inji da giya yana miƙa mata ƙarfin inji ta hanyar mai. A auna abin da ya fito, a mayar da daidai shi. Ni ba na yarda a tsaya nan, sai an sauke kwanon ƙasa, domin a cikinsa labarin giyar yake. Akwai 'yan maganaɗisu a manne a gindinsa. In ka ga sun yi baƙin laka mai laushi kamar kwalli, wannan cin yau da kullum ne, ba komai. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da ke tsaye cirko-cirko a kansu, ko baƙaƙen ɓawo-ɓawo kamar dusa a ƙasan kwanon, to wani abu yana ci a ciki. Ka ce a nuna maka da idonka kafin a wanke. A canza rariyar, a sa sabon gasket, kuma kada a lafta gam, domin abin da ya tsattsafo ta ciki yakan gutsure ya bi mai ya maƙale a solonoyid. Kada a goge ciki da tsumma mai gashi, kada a bar kwano a buɗe a ƙasa iska tana kwaso ƙura. Bayan kilomita 500 zuwa 1,000 a sake tsiyayewa a cika, in da hali a yi na uku. Da haka mai ke sabunta a hankali ba a girgiza giyar ba. Daga nan, a ƙasarmu mai zafi da ƙura, kada ka wuce kilomita 40,000 ba ka yi juye ba, ko da an ce maka man na har abada ne.

Ka ce abin ya fi tsanani da rana, wannan ya ja hankalina. Man giya ya fi son zafin da ke wajen digiri 80. In ya haura 120 yana saurin ƙonewa, robobin ciki su bushe su yi tauri. To a Marwa cikin Maris da Afrilu iskar gari kaɗai tana wuce digiri 40, ga AC a kunne, ga tsaye-tsaye a cikin kasuwa. Mai in ya yi zafi yana tsinkewa, sai ya riƙa sulalewa ta gefen balb ɗin da suka ɗan ci, kamun ya makara, sannan ya zo da duka. A duba lagireto ta waje, sau da yawa ƙura da ciyawa da ƙwari sun like tsakaninsa da na AC, iska ba ta wucewa. A tabbata fanka tana tashi da ƙarfinta. Kuma a duba ko an cire tamostat, ɗan balb ɗin da ke hana ruwan inji zuwa lagireto sai ya yi ɗumi, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu. Mutane suna ganin taimakon inji ne, amma kwamfutar Toyota ba ta barin giya ta shiga ta ƙarshe ko ta kulle kwanbata sai ruwan inji ya yi ɗumi, in ruwan yana hawa yana sauka sai canjin giya ya rikice. Ga mai yawan doguwar tafiya da kaya ina ba da shawarar a ƙara ɗan lagireton mai a gaba, a haɗa shi bayan na asali. Kuma in kana hawan dutsen nan na hanyar Ngawundare, ka kashe O/D, maɓallin giya ta ƙarshe da ke jikin sanda, ko ka sauko da sanda ƙasa, kada ka bar ta tana kai da komo tsakanin giya biyu, nan ne ake dafa mai.

Ƙum ɗin da kake ji in ka sa D kuwa, mai yiwuwa ba daga giyar yake ba. Inji da giya a kan robobi huɗu suke zaune a motarka, kuma ramukan hanyoyinmu da zafi ba sa barinsu su yi ƙarko. Ka buɗe bonet, ka ja birkin hannu, wani ya zauna ya danne birki sosai ya riƙa sa D yana sa R, kai kuma ka tsaya daga gefe, ba a gaban mota ba, ka kalli injin. Ɗan motsi ba laifi. In yana zabura kamar zai fito, roba ta yage. An taɓa kawo mini wata mota daga Gidar, mai ita har ya karɓo bashin kuɗin giya. Na sa yaro ya shiga ya sa ribas, muna kallo injin ya ɗaga ya faɗo. Da muka kwance robar baya, biyu ta rabu a hannuna, ƙarfe yana dukan ƙarfe har wurin ya yi sheƙi. Kafin la'asar ya kama hanyar gida, giyarsa ba a taɓa ta ba. Ka kuma dubi allurar juyin inji a tsaye bayan ya yi zafi, ya kamata ta zauna wajen 700. In silo ya hau 1,000 ko fiye, dole giya ta shiga da duka, kuma sau da yawa wanke bakin totur kawai yake so. Sannan ka ƙirga lokaci: daga N zuwa D littafin Toyota ya ce kada ya kai daƙiƙa 1.2 kafin ka ji ta kama, zuwa R kuma 1.5. Masu Hilux da Prado, ku naku ƙum ɗin yawanci farfela ce ta bushe, a ba ta giris, a duba kuros.

Inji ma yana yi wa giya sharri. Fulogi ko koyil da ya gaji yana yanke wuta daidai lokacin da nauyi ya hau kansa, wato daidai bayan canjin giya, sai direba ya rantse giya ce. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya da ake saya a kwalba, in ya zo da ruwa ko datti yana toshe nozil, alamar ɗaya ce. Filtar iska da aka yi ta bugewa ana hurawa har ta yage tana barin ƙurar hunturu ta rufe sansar da ke auna iska, kwamfuta ta yi kuskuren lissafin nauyin da ke kan inji, ta ba giya ƙarfin man da bai dace ba. Batir ma a auna, volt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji yana aiki, a kwance wayar da ta ɗaure batir da jikin mota a kankare tsatsa. A zare soket ɗin da ke jikin giyar a leƙa, masu wankin inji da ruwa mai ƙarfi sukan cika shi da ruwa ya yi kore.

Yanzu ga inda nake zargi ƙwarai game da motarka. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga ko fitilar inji tana kamawa a dashbod. In ba ta kama ba, mai yiwuwa wani ya cire ƙwanta ko ya like ta kafin a sayar maka, abin da ake yi ne. Ko tana kamawa ko ba ta kamawa, a jona mata kwamfutar gwaji, motocin Amurka tun daga 1996 duka suna da wurin jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Ka sa a rubuta maka lambobin a takarda kafin a goge, domin wasu gogewa kawai suka iya. P0300 zuwa P0304 yankewar wuta ce a inji, P0500 sansar gudu, P0741 kullin kwanbata, waɗanda suka fara da P075 kuma solonoyid na canjin giya. Wadda nake so ka nema ita ce P2716. A 2010 kamfanin Toyota ya yi kiranyen Corolla da Matrix fiye da miliyan ɗaya a Amurka, ƙirar 2005 zuwa 2008, saboda kwamfutar da ke kula da inji da giya tana iya tsagewa a wuraren da aka yi mata dalma, kuma cikin alamomin da kamfanin ya ambata har da canjin giya da duka. Wasu an canza musu, wasu kuma sun tsallako teku da tsohuwar kwamfutarsu. Tana bayan akwatin da ke gaban fasinja. An ƙera giyar ne yadda in saƙon lantarki ya yanke wa solonoyid mai daidaita ƙarfin mai, sai ƙarfin ya tafi ƙololuwa don kada fayafayai su yi sulɓi su ƙone. Giyar tana kare kanta ne, kai kuma kana jin duka. Tsagar dalma kuma zafi yana ƙara buɗa ta, wanda ya yi daidai da abin da ka faɗa na rana. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 ma an san ta da irin wannan ciwo na kwamfuta, kuma in aka yi ta hawa a haka, ƙarshe giyar ce ke biyan bashin.

Amma lamba ba ta ce a sayi kaya ba, layin da ciwo yake kawai take nunawa. Kafin a ɗora wa kwamfuta laifi a auna solonoyid ɗin da mita, da sanyi da kuma zafi. Mai daidaita ƙarfi yana ba da om 5 da ɗan ɗoriya, na canjin giya 11 zuwa 15. A bi wayar daga soket har kwamfuta, ɓera ma yana aikinsa. In waya lafiya, solonoyid lafiya, sai a nemi kwamfuta mai lamba iri ɗaya da ta jikin taka, a haɗa ta da makulli. In solonoyid ne ya mutu ko balb ya maƙale, ta ƙasa ake ciro balb-bodi bayan an sauke kwano, giyar tana nan a jikin mota. Masu Peugeot 307 da 406 da 407 mai giyar AL4 sun san wannan: ta yi ƙum ta maƙale a giya ta uku, a kashe a tayar ta warware. Sau da yawa solonoyid biyu na ƙarfin mai ne, ba giyar gaba ɗaya ba.

Duk bakaniken da bai shiga motar ya yi tafiya da kai ba, bai gama bincike ba. Ku hau hanyar Salak in ta yi zafi, ka taka totur a hankali, idonku a kan allurar juyi. In lokacin canji allurar ta faɗo tsaf amma da duka, ƙarfin mai ne ya yi yawa, matsalar lantarki ko balb ce. In kuwa ta fara zabura sama da ɗari uku ko ɗari biyar sannan ta faɗo da duka, sulɓi ne ya fara, ko dai ƙarfin mai ya yi kaɗan ko fayafayan wannan giyar sun ci. Bambancin nan shi ne komai. Akwai kuma karkarwa da ke zuwa tsakanin gudun 50 zuwa 80, kamar kana bin hanya mai gargada alhali kwalta ce sumul. In ta zo, ka riƙe totur yadda yake, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, taɓawa kawai. In karkarwar ta ɗauke nan take, kullin kwanbata ne, kuma mai mai kyau yakan magance shi. In ta ci gaba, koma kan fulogi da taya da shaf.

Akwai lokacin da zan ce maka a sauke ta, ba zan ɓoye ba: mai baƙi mai ƙauri, ƙarfe ko ɓawo a kwano, jinkirin daƙiƙa uku ko fiye kafin D ko R ta kama, sulɓin da ke ƙaruwa da zafi, ko kuka kamar na injin niƙa. Ko a nan ma a fara ɗaura agogon auna ƙarfin mai a jikinta a gani. In ta tabbata, ko a buɗe a canza fayafayai da robobi a hannun wanda ya san aikin kuma yake da ɗaki mai tsabta, ko a sayo ta hannu daga Camp Yabassi a Duwala ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ta hannu sa'a ce, don haka a duba lambarta da soket ɗinta su yi daidai da taka, a buɗe kwanonta a gabanka, a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce. Kafin a ɗaura a wanke bututun lagireto da tiyo, in ba haka ba dattin tsohuwar zai shiga sabuwar tun ranar farko. A tabbata kwanbata ta zauna har ƙarshe kafin a ɗaure ƙusoshi, in an matsa ta da ƙarfi famfo ke fashewa. Kuma ka lura, in kwamfuta ce mai laifi, ko giya nawa aka sa haka za ta ci gaba da dukanka, ka yi asarar 350,000 tsugune ba ta ƙare ba.

Kafin ka samu kai ta, ka lallaɓa ta. Ka tsaya cak kafin ka sauya tsakanin D da R. Kada ka sa N a gangara don tsimin mai. In ta kafe a yashi kada ka yi ta gaba da baya kana ba ta wuta, minti kaɗan ya isa ya ƙona mai, a tona a tura. In ta tsaya a hanya kada a ja ta da igiya zuwa gari tayoyin gaba suna ƙasa, domin in inji ba ya aiki famfo ba ya ba da mai, a ɗora ta a kan wata motar ko a ɗaga gabanta. Cikin satin nan ka auna man, ka ɗauki hoton ɗigonsa a farar takarda, ka sa a karanta maka lambobin, ka ƙirga daƙiƙa nawa D da R ke ɗauka da zafi. Ka turo mini waɗannan, Alhaji, in sha Allahu zan gaya maka ta inda za a fara kwancewa.